Kocin ƙanwata ya ce sai ta zubar da kilo 5 kafin gasa: sikeli ɗaya ne ga maza da mata?

Yayan_Zee:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanwata tana aji biyu a jami'a, tana gudun mita 400 a tawagar makarantarsu. Kocinsu ya kawo sikeli filin atisaye, duk Litinin kowa sai ya hau, maza da mata, shi yana kiran lambar da ƙarfi wani yaro yana rubutawa. Tsayinta mita 1.68 ne, sikeli ya nuna kilo 62. Ya ce ta yi nauyi, sai ta zubar da kilo 5 kafin a fitar da sunayen masu zuwa gasar NUGA ta jami'o'in Najeriya, wai kitsen cinya ne ke riƙe ta a mita 100 na ƙarshe. Tun daga nan ta daina cin abincin dare, da safe kuma ruwan bunu kawai. Da ta zo hutu Umma ta tsorata da ganin wuyanta. Tambayata biyu ce. Da gaske ne rage jiki yana ƙara gudu? Kuma daidai ne a auna mace da ma'aunin da ake auna namiji?

Dan_Sabon_Gari:
Wa'alaikumus salam. Kilo 62 ne nauyi? To mu da muka haura 90 sai a sa mana igiya a kai mu kara kenan.

Malam_Lissafi:
Bari mu fara da abin da ba a gardama a kansa. Lissafin BMI shi ne ka raba nauyi da tsayi sau tsayi. 1.68 sau 1.68 ya ba da 2.82, ka raba 62 da shi ka samu wajen 22. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa daidaitaccen jiki tsakanin 18.5 da 24.9. Ke nan tana tsakiya cif. Idan ta sauka zuwa 57 za ta koma wajen 20. Ko a takarda ma ban ga kibar da ake magana a kai ba.

Koci_Mai_Usur:
Malam_Lissafi, ka yi lissafin asibiti, mu kuma a fili muke. Ni na daɗe ina horar da yaran sakandare, kuma ba zan ɓoye gaskiya don a tafa min ba: nauyi yana da tasiri a gudu. Duk kilon da ba tsoka ba, kaya ne ɗan wasa yake ɗauke da shi daga farko har ƙarshe. Ka ɗaura wa yaro jaka mai kilo 3 a baya ka ce ya yi dogon tsalle, ka auna ka gani. Ku duba masu gudun dogon zango na Kenya da Habasha, akwai mai tumbi a cikinsu? Ban ce kocin nan ya yi daidai a yadda ya bi ba, amma kada a mayar da shi mahaukaci.

Bazazzagiya_PHE:
Koci, da girmamawa, kai da kanka ka faɗi inda matsalar take: "kilon da ba tsoka ba". To sikelin banɗaki ta ina zai san wanne ne tsoka wanne ne kitse? Jimla kawai yake bayarwa, ƙashi da tsoka da ruwa da kitse da tuwon jiya duka a haɗe. Tsoka ta fi kitse danƙarewa, shi ya sa mutum biyu za su yi kilo ɗaya, ɗaya a murɗe ɗaya a sake. Shi kansa BMI ɗin da Malam ya kawo bai san wannan bambancin ba. Ɗan dambe Anthony Joshua tsayinsa mita 1.98, yana hawa sikeli da wajen kilo 110, lissafinsa ya kai 28. A takarda mai kiba ne. Wa zai je ya gaya masa?

'Yar mita 400 kuma ba 'yar gudun fanfalaki ba ce. Ƙarfin cinya da ɗuwawu take buƙata. Wannan cinyar da ake zagi mai yiwuwa ita ce injin ɗin.

Dan_Sabon_Gari:
Ni dai ba zan je na gaya masa ba, ina da iyali.

Anti_Nas:
Yayan_Zee, ka bar maganar gudu tukuna. Tambaya ɗaya nake so a yi wa yarinyar nan, kuma ba kai za ka yi ba, Ummanku ko wata yayarta mace: al'adarta tana zuwa daidai? In ta fara tsallake wata ko ta ɗauke gaba ɗaya, maganar ta tashi daga hannun koci ta koma ta likita.

Jikin mace da na namiji ba tsari ɗaya Allah Ya yi musu ba. Akwai kitsen da jiki ba ya rayuwa sai da shi, wanda ke cikin ɓargo da jijiyoyi da kewayen kayan ciki. A namiji wajen kashi 3 zuwa 5 cikin 100 ne, a mace wajen kashi 12. 'Yan wasa maza galibi suna tsakanin 6 da 13, mata kuma tsakanin 14 da 20, har sama da haka a wasu wasannin. Wato macen da take da kashi 18 ta yi siririya ƙwarai, alhali namijin ɗan tsere mai kashi 18 za a ce ya saki jiki. In koci yana kallon 'yan mata da idon da yake kallon samari, kullum zai ga sun yi kiba.

Abu_Hanifa:
Ni abin da ya fi tsaya min a rai ma daban ne. Namiji ya tsayar da 'ya'yan mutane a gaban samari yana shelar nauyinsu, har yana maganar cinyarsu? Ko babu illa ga lafiya wannan bai dace ba. Irin wannan ne ke sa iyaye su ce 'yarsu ba za ta yi wasa ba, sai kuma a dawo ana cewa mutanenmu ba su waye ba.

Tsohuwar_Yar_Tsere:
Malam Abu_Hanifa ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Na yi gudun mita 800 tun daga sakandare har jami'a, kuma na hau irin wannan sikelin. Abin da maza ba su sani ba shi ne abin da ke faruwa a hostel daren Lahadi. Ba mai cin abinci. Wata ko ruwa ba ta sha daga la'asar. Da asuba za ka ga layi a banɗaki kowa na ƙoƙarin fitar da abin da zai rage mata ko da rabin kilo ne. Ana gama awo sai a ruga wajen mai shayi a danna Indomie da burodi kamar an sako mu daga kurkuku. Lambar da koci ke rubutawa a littafinsa ba nauyinmu ba ne, nauyin yunwar daren jiya ne.

Ni da na rage jiki, a farko gudun ya ƙaru, ba zan musa ba. Jiki ya yi sakayau, koci yana nuna ni yana cewa a yi koyi da ni. Al'adata ta ɗauke, ni kuwa murna na yi, na huta da ciwon mara ranar gasa. Daga baya sai sanyi ya riƙa kama ni ko a watan zafi, gashi yana zuba a mataji, mura ba ta barina. Sai ƙwaurina na hagu ya fara ciwo a wuri ɗaya, in na danna da yatsa kamar an soka allura. Aka ce tsamin jiki ne, aka shafa man zafi aka ci gaba. Da aka yi hoto aka ga ƙashin ya tsage. Daga nan ban sake komawa yadda nake ba.

Yayan_Zee:
Subhanallah. Tsohuwar_Yar_Tsere, wannan maganar sanyin ta tayar min da hankali, don ita ma da rigar sanyi take yawo a gida. Zan sa Umma ta yi mata tambayar da Anti_Nas ta ce.

Likitan_Gashi_Da_Kashi:
Abin da Tsohuwar_Yar_Tsere ta ba da labari yana da suna a likitance, kuma an daɗe da saninsa. Tun farkon shekarun 1990 ƙungiyar likitocin wasanni ta Amurka ta haɗa abu uku da take gani tare a 'yan wasa mata: ƙarancin ci, ɗaukewar al'ada, da raunin ƙashi. A 2014 Kwamitin Olamfik na Duniya ya faɗaɗa shi ya kira shi RED-S, wato abincin ɗan wasa ya gaza abin da jikinsa ke buƙata, saboda an gane ba mata kaɗai yake kamawa ba, kuma ba ƙashi kaɗai yake taɓawa ba.

Yadda abin yake aiki: abincin da ka ci, atisaye ya ɗebi nasa, abin da ya saura shi ne jiki zai gudanar da sauran harkokinsa da shi. In ragowar ta yi kaɗan, jiki sai ya fara rufe abin da yake ganin ba na gaggawa ba ne. Na farko shi ne haihuwa. Ƙwaƙwalwa ta rage saƙon da take aika wa ƙwan mace, sinadarin istirojin ya faɗi, al'ada ta tsaya. Shi kuwa istirojin shi ke kare ƙashi. Kuma shekarun nan na ƙarshen goma sha zuwa farkon ashirin su ne lokacin da mutum ke tara yawancin ƙarfin ƙashin da zai rayu da shi har tsufa. Abin da aka rasa a lokacin ba lallai ya dawo duka ba. Shi ya sa maganar "ai bayan gasa za ta ci ta murmure" ba ta kwantar min da hankali.

A samari kuma sinadarin testosteron ne ke sauka, ga kasala, ga yawan rauni. Su matsalarsu ba su da wata alama ta wata-wata da za ta tona, sai abin ya yi nisa.

Koci_Mai_Usur:
Dakta, duk na yarda. Amma ku ma ku ji tamu. Ku a asibiti kuna da na'ura. Ni abin da nake da shi usur ne da agogon gudu da sikelin da na saya da kuɗina. In yarinya ta dawo hutu ta ƙara kilo 4 kuma lokacinta ya lalace da daƙiƙa 2, in yi shiru? Gobe in ta sha kashi a gasa ni za a ce ban iya aiki ba.

Bazazzagiya_PHE:
Koci, ai amsar tana rataye a wuyanka. Agogon nan ya fi sikelin gaskiya. In ta dawo hutu lokacinta ya lalace, abu na farko shi ne ta yi makonni ba atisaye, ba wai kilo ba. Ka mayar da ita aiki ka ga ko lokacin zai dawo. Ka auna tsallenta daga tsaye, ka auna gudun mita 30, ka ga nawa take ɗagawa. Waɗannan su ne abin da ake ba da lambar yabo a kansu.

In kuma lallai sai an san kitsen, akwai ɗan awartakin da ake tsunkulo fata da shi a wurare kamar bayan dantse, ƙasan kafaɗa, gefen ciki, cinya da sha-raɓa, a tara milimitocin. Ba tsada, sashen koyar da motsa jiki na jami'o'i da yawa suna da shi. Sai dai yana son hannun da ya ƙware, mutum ɗaya ya riƙa yi kowane lokaci, mace ta auna mace, a ɗaki ba a fili ba. Kuma ana kwatanta mutum da kansa ne na watannin baya, ba da na kusa da shi ba.

Sadiq_Gym:
Akwai sikelin zamani ai, wanda kake takawa ba takalmi ya nuna maka kitse da tsoka da ruwa har a waya. Muna da shi a wajen motsa jikinmu. Kocin ya sayi irinsa kawai a huta.

Likitan_Gashi_Da_Kashi:
Sadiq, wannan sikelin ɗan ƙaramin lantarki yake turawa ta ƙafa ya ƙiyasta daga yawan ruwan jiki. Ka hau da safe, ka sha ruwa lita ɗaya ko ka yi gumi ka sake hawa, za ka ga lambar ta canza alhali kitsenka yana nan inda yake. Mace kuma gab da al'ada jikinta kan riƙe ruwa, nauyi ya ɗan hau ya sauka da kansa. Na'urar da aka fi yarda da ita ita ce DEXA, wadda ake kwanciya ta haska jiki ta raba ƙashi da tsoka da kitse.

Kuma ko ita ba ta hana ɓarna ba. A Oktoban 2021 jaridar The Oregonian ta buga labarin 'yan tsere mata shida da suka bar tawagar Jami'ar Oregon a Amurka, suna cewa ana amfani da sakamakon DEXA ana matsa musu su rage kitse, har wasu suka shiga matsalar cin abinci. Jami'ar ta sauya dokarta kan wannan gwajin bayan labarin ya fita. Wannan fa makaranta ce da ke da kuɗi da kayan aiki da ƙwararrun masana abinci. Lambar tasu daidai take, hannun da ta faɗa ne matsalar.

Hauwa_Jos:
Tunda an zo Oregon, a nemi labarin Mary Cain. Tana da shekara 17, tana 'yar sakandare, ta kai wasan ƙarshe na mita 1500 a gasar duniya ta Mosko a 2013. Ta shiga hannun koci Alberto Salazar a ƙungiyar Nike Oregon Project. A Nuwamban 2019 ta fito a jaridar New York Times ta ce an matsa mata sai ta sauka zuwa fam 114, wajen kilo 52 ke nan, ana auna ta a gaban abokan wasa. Ta ce al'adarta ta ɗauke shekara 3, ƙasusuwa 5 suka karye mata. Salazar ya musanta da yawa daga cikin zarge-zargen, amma yarinyar da ake ganin za ta mamaye duniya ba ta sake kai matsayinta na da ba. Da na karanta bayanin Yayan_Zee ita ta faɗo min, har da kiran lamba a gaban mutane.

DanMaradi:
Ku kuna ta kokawar rage jiki, mu a wajenmu ɗan kokawa in ya rame sai a fara tambaya ko an yi masa sammu ne. Ku kalli masu neman takobi a gasar kokawa ta ƙasa a Nijar, irin su Issaka Issaka, ƙirji kamar ƙofa. Fura da nono da nama ake ɗura musu. Kowane wasa da jikinsa.

Malam_Lissafi:
DanMaradi ya faɗi gaskiya, ko a fili ɗaya ma haka ne. Mai jifan dalma da mai tsallen sama tawaga ɗaya suke, amma ba za ka ba su abinci ɗaya ko ka nema musu nauyi ɗaya ba. Su kansu masu dokar sun san maza da mata ba ɗaya ba ne: dalmar maza kilo 7.26 ce, ta mata kilo 4. Shingen maza a mita 110 tsayinsa mita 1.067, na mata a mita 100 kuma 0.838. An bambanta dalma, an bambanta shinge, sai sikeli ne za a ce ɗaya?

Dan_Dambe_Kudu:
Kada a mayar da abin na mata kaɗai fa. Ku zo ku ga samarin da ke wasannin da ake raba aji da nauyi, damben zamani, judo, taekwondo. Na ga yaro ya huda baƙar ledar shara ya zura ta a ƙarƙashin rigar sanyi, yana zagaya fili da tsakar rana a watan Afrilu, riƙe da gwangwanin madara yana tofa yawu a ciki, wai kowane tofi giram ne. Ya hau sikeli ya ci awo, da aka shiga fili zagaye ɗaya ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa.

Likitan_Gashi_Da_Kashi:
Wannan ledar ta kashe mutane. Tsakanin Nuwamba da Disamban 1997 ɗalibai uku 'yan kokawa a jami'o'i daban-daban na Amurka suka mutu suna ƙoƙarin zubar da nauyi ta hanyar matse ruwan jiki. Bayan nan hukumar wasannin jami'o'insu, NCAA, ta haramta rigunan roba da ɗakin turiri don rage nauyi, ta kuma sa a riƙa gwada fitsari a tabbatar mutum ba a bushe yake ba kafin a tsayar masa da mafi ƙarancin nauyin da zai yi wasa a kai. A makarantun sakandarensu dokar ita ce namiji kada ya gaza kashi 7 na kitse, mace kashi 12, kuma kada a zubar da fiye da kashi 1.5 cikin 100 na nauyin jiki a mako. Ku lura, mafi ƙarancin kitse suka shata wa iyaka, kuma iyakar maza daban ta mata daban.

Hauwa_Jos:
Ko manya ma ba su tsira ba. Vinesh Phogat ta Indiya ta kai wasan ƙarshe na kokawa ajin kilo 50 a Olamfik na Paris 2024, da safen ranar aka auna ta ta haura da giram 100, aka kore ta. Ta kwana tana fama da jikinta, daga ƙarshe sai da aka sa mata ruwa.

Baban_Ikram:
Ni tambayata ta jahilci ce, a yi haƙuri. In mace ta rage kitsenta ya zama daidai da na namiji, za ta kamo shi a gudu? Don in kitse ne kawai bambancin ai da an gani.

Bazazzagiya_PHE:
Ba ta jahilci ba ce Baban_Ikram, ita ce ma gindin maganar. A'a, ba za ta kamo shi ba, don kitse ɗan ɓangare ne kawai. Kafin balaga yara maza da mata kusan kafaɗa da kafaɗa suke gudu. Daga wajen shekara 12 zuwa 13 testosteron na namiji ya yi sama har ya ninka na mace wajen sau 15. Shi ke ƙara masa tsoka, tsayi, girman zuciya da huhu, da yawan himogulobin mai ɗaukar iskar oksijin a jini. Shi ya sa a ƙololuwa tazarar take wajen kashi 10 cikin 100. Mita 100: Usain Bolt 9.58, Florence Griffith-Joyner 10.49. Mita 400: Wayde van Niekerk 43.03, Marita Koch 47.60. Waɗannan matan ba su da wani kitsen da za a ce shi ya riƙe su.

Abin da ke ruɗa kocinmu shi ne, yaro namiji balaga tana ƙara masa gudu kyauta, ko bai yi wani atisayen kirki ba. Yarinya kuwa balaga tana faɗaɗa mata ƙugu ta ƙara mata kitse, lokacinta ya tsaya cak na wani ɗan zamani ko ma ya ja baya. Sai a ce ta lalace, ta cika ci. Alhali in an yi haƙuri aka ci gaba da gina mata ƙarfi jikin yana daidaita. Da yawa a nan ake rasa su.

Koci_Mai_Usur:
Wannan ta ƙarshen na gani da idona, ba sau ɗaya ba. 'Yar aji uku na ƙaramar sakandare tana tashi kamar iska, ta shiga babbar sakandare sai ka rasa gane ta. Amma har yanzu ina nan kan bakata: akwai 'yan wasan da da gaske suna ɗauke da abin da ya kamata su sauke, maza da mata. Sai dai ni lokacin hutun gasa nake taɓa maganar, a hankali, ba ana saura 'yan makonni ba. Kilo 5 gab da gasa, ko da kitse ne zalla a jikinta, wani kaso na abin da zai zube tsoka ce da ruwa. Nan kam ɗan'uwana ya kwafsa.

Kuma Yayan_Zee, mita 100 na ƙarshe a tseren 400 kowa yana mutuwa a wurin, har zakarun duniya. Ƙafa ce ke yin nauyi saboda gajiyar tsoka. Maganinsa atisayen juriyar gudu, irin su 300 da 350 da hutu mai tsawo a tsakani, da koyon raba ƙarfi kada ta ƙone kanta a 200 na farko. Ka tambaye ta nawa take yi a rabin farko nawa a na biyu.

Malam_Lissafi:
Bari na ƙara lissafi ɗaya don a ga girman abin. Masana suna auna ragowar abincin da Dakta ya yi bayani da kalori a kan kowane kilo na jiki ban da kitse. Wajen 45 shi ne lafiya, ƙasa da 30 shi ne inda matsala ke farawa a mata. A ce kashi 20 na jikinta kitse ne, saura wajen kilo 50. 45 sau 50 ya ba da 2,250. A ce atisaye yana cin 600, tana buƙatar wajen 2,850 a rana. Jan layin kuma 1,500 ne bayan an cire na atisaye. Wadda ke karyawa da ruwan bunu ta kwana ba ci, ku lissafa da kanku.

Ummu_Sadiq:
Kuna ta kiran kalori, ku sauko ƙasa. Ɗalibin jami'ar gwamnati a yau ma ina ya ga abincin da zai rage? Yawancin yaran nan da garin kwaki da taliya suke rayuwa. Ni a ganina da yawansu ba kiba ke damunsu ba, yunwa ce, ga kuma atisaye safe da yamma. Sai a zo a ce su ƙara ragewa.

Anti_Nas:
Hajiya kin gama magana. Kuma ba sai an sayi garin furotin na gwangwani mai tsada ba. Ɗan wasa yana son wajen giram 1.2 zuwa 2 na furotin a kan kowane kilo na jikinsa a rana. Wake, awara, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, nono, kifi busasshe, ƙwai, kowane ƙwai ɗaya wajen giram 6. Shinkafa da wake da ɗan kifi bayan atisaye ya fi komai da ake tallatawa.

Sannan a duba jininta. Mace mai al'ada tana buƙatar sinadarin ƙarfe wajen miligiram 18 a rana, namiji 8. In himogulobin ɗinta ya gaza 12 tana da ƙarancin jini, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa ta riƙa ƙarewa a ƙarshen tsere. Ga zazzaɓin cizon sauro da muke fama da shi yana ƙara cinye jinin. Hanta, nama, wake, zogale, a haɗa da lemo ko tumatir. Shayin nan da take sha kuma in tare da abinci ne yana rage shigar ƙarfen. Gwajin jini ba wani kuɗi ba ne, kafin a zargi cinya a fara da shi.

Sadiq_Gym:
To shayin rage tumbi da ake sayarwa a Instagram fa? 'Yan mata da yawa suna sha.

Anti_Nas:
Yawancinsu gudawa da fitsari suke sawa, ruwa ne ke fita ba kitse ba. Kuma ɗan wasa ya sani, magungunan sa fitsari suna cikin jerin abin da WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, ta haramta. Ka sha abin da ba ka san me ke ciki ba, a gwada ka a dakatar da kai.

Abu_Hanifa:
To da azumi fa ya ake yi? Don na ga yara suna atisaye da yamma a Ramadan.

Admin_Filin_Wasa:
Malam, maganar azumi babba ce, a buɗe mata nata zaren daban don kada ta binne tambayar Yayan_Zee. Kuma tunatarwa: kada kowa ya ambaci sunan makarantar ko kocin, wasu sun fara tambaya ta akwatin sirri.

Tsohuwar_Yar_Tsere:
Yayan_Zee, shawara ɗaya daga wadda ta taɓa tsayawa a wurin. Kada ka je mata da faɗa, kada kuma a zauna a kanta da kwano ana cewa sai ta cinye. A kanta yanzu abinci shi ne abin da zai hana ta shiga mota zuwa gasa. Ku nuna mata matan da take sha'awa. Falilat Ogunkoya ta yi 49.10 a Atlanta 1996 ta ɗauko tagulla a wannan tseren nata na 400. Tobi Amusan ta tashi daga gasar jami'o'in Amurka ta zo ta kafa tarihin duniya a tseren shinge na mita 100 da 12.12 a 2022. Ta kalli ƙafafunsu da kyau ta gaya min ko na masu kwana da yunwa ne.

Yayan_Zee:
Na gode ƙwarai jama'a. Umma ta yi magana da ita, kuma amsar ba mai daɗi ba ce, ta tsallake wata biyu. Gobe za su je asibiti a duba jinin da sauran. Inda muka maƙale shi ne kocin. Na ce zan je na same shi, ta fashe da kuka wai in na je zai cire sunanta, kuma ta riga ta sauke kilo 3, saura 2 kawai a bar ta ta ƙarasa. Koci_Mai_Usur, kai da ka san halin 'yan'uwanka, in je ko kada in je?

Koci_Mai_Usur:
Kada ka je hannu rabbana, zai ɗauka ka zo koya masa aiki ne. Ku karɓo takardar likita tukuna, a kai wa daraktan wasanni ko asibitin makaranta, su su kira shi. Koci yana iya yi wa yayan ɗaliba gardama, amma ba ya son rubutu ya hau teburin ogansa. Kuma har yanzu ba ka ba ni lokacinta na rabin farko da na biyu ba.

Bazazzagiya_PHE:
Ni ban yarda a bi ta sama da shi tun farko ba, zai riƙe ta a zuci har ta gama makaranta. A samu wata malama a sashen motsa jiki ta yi masa magana a gefe. In ya ƙi ji, sannan takarda.

Yayan_Zee:
Koci, na tambaye ta, ta ce ba a taɓa ɗaukar musu lokacin rabi ba, na ƙarshe kawai ake faɗa musu.

Koci_Mai_Usur:
Yana da lokacin auna mutum 30 duk Litinin amma ba shi da lokacin tsayar da yaro ɗaya da agogo a layin 200? To. In likita ya ba ta izinin komawa fili, ka sa wata ƙawarta ta tsaya a wurin da waya ta ɗauka, ka turo min.